Abin da Baba Ya Yi wa Rajista

Sai da na danna wa manhajar adana tarihin aiki umarnin sharewa na lura ba a cikin foldar aikina nake ba. Kwamfutar marigayi Baba ce, a nan kaɗai hotunan gidanmu na birnin Halab suka rage.

"Haba, sarkin tsoro," in ji yayana yana kurɓar shayi. "Manhajar adana tarihin aiki ba ta taɓa komai a wajen huruminta."

Ashe Baba ya sa duk ajiyarsa cikin hurumin nata. Ta kwashe duk abin da bai yi wa rajista a wurinta ba.

Ban yi kuka ba. Fayil ɗaya ya tsira, shi kaɗai Baba ya yi wa rajista: manhajar farko da na rubuta ina ƙarama. Bai gyara mini kuskure ko ɗaya ba.