Kwana Tara Babu Amsa

Da ƙarfe takwas na safe injiniyan ya tura wa budurwarsa saƙo: "Kin yi tunani a kan maganarmu?" Kafin ya ajiye wayar amsa ta shigo: "Na yi."

Shi ke nan. Ya zauna a ɗakin gyaran injinan asibiti, sukundireba a hannu, yana kallon kalmomin nan biyu har allon wayar ya mutu.

Kwana tara ke nan da ya nemi aurenta. Kamfaninsu ya mayar da shi wani reshe mai nisan yini guda a mota, jibi zai tafi. A ranar da ya nemi auren, ya zaunar da ita a bencin bayan ɗakin karatun da take aiki, ya yi ta zuba kamar famfon da ya lalace: sabon garin, gidan da za a ba shi, auren da yake so a ɗaura bayan wata uku. Tsoro ya sa rabin abin da ya faɗa ma bai san ya faɗa ba. Ita kuwa ta saurare shi tana kallon takalminsa, ta duba agogo, ta ce hutunta ya ƙare, ta koma ciki.

Tun haɗuwarsu ta farko ta gaya masa tana da abin da likitoci ke kira otizim. Ba ta ɗaukar kiran waya, sai saƙo. Hayaniya tana sa mata ciwon kai, kallon ido cikin ido yana gajiyar da ita. Ya koyi zaɓar teburin lungu a gidan abinci. Ya daina cewa "minti biyu" tun ranar da ya iso bayan minti sha huɗu ya tarar ta tafi. Shekara biyu suna tare, ya ɗauka ya gama karantarta. Abin da ya fi sani kuwa shi ne ta tsani canji. Ko hanyar zuwa aiki aka toshe, sai yinin ya lalace mata. Ga shi ya ce ta bar gari ɗungurungum.

A kwanakin nan ya yi ta kewaye-kewaye. "Kina lafiya?" "Lafiya." "Mu haɗu yau?" "Ina da aiki da yawa." Tambayar kai tsaye ce ya kasa yi, don ya san ba ta iya ƙarya ba, ko ta tausayi.

Da hantsi maigadi ya kawo masa jaka, ya ce wata ce ta bari a ƙofa. Littattafansa ne guda shida da ya ara mata, da rigar sanyinsa a ninke. A sama akwai 'yar takarda da rubutunta mai tsafta: "Ka sa su cikin kayanka."

Bai nemi izini ba ya fita. A ɗakin karatu ya tarar da wata baƙuwar fuska a kujerarta. Shugabar wurin ta dube shi ta saman tabarau.

"Ai ta ajiye aiki tun makon jiya. Tana dai zuwa tana koya wa wannan aikin. Ba ta gaya maka ba?"

Ya juya ya fita. Shekara bakwai tana kujerar nan. Ashe gudunsa da take yi har ya kai ta bar aikin da take so kamar ranta, don kada ya san inda zai same ta.

A cikin tasi ya rubuta wa maigidansa saƙon fasa tafiya. Ya san abin da hakan ke nufi: an riga an ba wani kujerarsa ta nan. Ya bar yatsansa a kan saƙon, bai tura ba.

Da ya isa gidansu, yayarta ce ta buɗe masa ƙofa, da alamar ita ma ta gaji.

"Gara da ka zo, ƙanena. Kwana da kwanaki tana haɗa kaya. Na tambaye ta, ta ce za ta tafi, sauran bayani ba yanzu ba."

Ɗakin ya cika da kwalaye, kowanne da lamba a jikinsa. An sauke labule, an kwashe kantar littattafai. Tana durƙushe tana naɗe kofuna da jarida ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ɗago ba.

"Ba ka ce za ka zo ba," ta ce.

Ya durƙusa nesa kaɗan da ita, yadda ta fi so.

"Malama, ki yafe mini. Na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki. Zan fasa tafiyar, ga saƙon nan na rubuta. Auren ma a bar shi. Ki koma aikinki, mu zauna yadda muke. Kawai kada ki tafi ki bar ni."

Hannunta ya tsaya a kan kofin. Ta fara ɗan jijjiga jikinta gaba da baya, kamar yadda take yi idan lissafi ya ƙi fita.

"Ban gane ba. Me ya sa za ka fasa?"

"Saboda ba ki ba ni amsa ba."

"Na ba ka."

"Yaushe?"

Ta ajiye kofin a hankali, ta rufe ido, ta maimaita kalamansa na kan benci ɗaya bayan ɗaya, har da inda ya yi in'ina: "Ka ce, 'Idan ba ki so, ki faɗa mini kai tsaye. Idan kuwa kin, kin amince, ba sai kin ce komai ba, zan gane.'"

Sannan ta ɗago, ta dubi tsakiyar idonsa na ɗan lokaci.

"Yau kwana tara ke nan ban ce komai ba."