Baba Ya Buɗe Baki

Jarrabawar shiga karatun ƙwarewa ta matso, don haka wasu likitocin haƙori biyu, saurayi da budurwa, ko hutun rana ba sa yi. Suna zaune a ƙaramin ɗakin bayan asibiti, ita riƙe da muƙamuƙin roba, shi da littafin da bai juya shafinsa ba tun zamansu.

"Wace jijiya ake kashewa kafin a cire haƙorin turmi na ƙasa?" ta tambaye shi.

Ya dube ta kamar bai ji tambayar ba.

"Haba Likita! Wannan ko ɗan aji uku ya sani. Lafiyarka kuwa?"

"Jiya na je wurin Baba."

"Baban wa?"

"Naki."

Saura kaɗan robar ta suɓuce mata. Ta san mahaifinta, ya sha rantsuwa babu mai raba 'yarsa da karatu da sunan aure.

"Me ya ce?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Ya ce in na hana ki karatu, da ƙafarsa zai zo ya ɗauke ki. Na ce ai tare muke yi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya wangale baki ya ce, 'To ɗana, duba min wannan na ƙurya.'"

"Ɗana ya ce?"

"Da bakinsa."

Dariya ta ƙwace mata, idonta ya ciko da ƙwalla. "Ni fa na yi roƙon duniya ya bari in duba haƙorin nan, ya ƙi!"

"To ke fa, me kika ce?"

Ta kau da kai tana murmushi.

"Kawo shi gobe, ka riƙe masa hannu, ni zan cire. Tsoron allura gare shi. Gara ka sani tun yanzu, tunda ka zama ɗan gida."