Jitar Bahago

Jita biyu Isa dillali ya jera a kan darduma, ya ce ko a Kano sai an yi oda ake ganin irinsu. Safiyanu, mai sabon situdiyon ɗaukar waƙa a bayan kasuwar kifi ta Haɗeja, ya san kuɗi amma bai san tsirkiya ba. Shi ya sa ya aika a kira masa Haris makaɗin jita ya zo ya zaɓa.

Haris bai so zuwa ba. Rabonsa da jita tun damunar da ruwa ya ci wansa Abdulwahid. Daga wani biki a ƙetaren kogi Abdulwahid yake dawowa tare da sauran makaɗa, dukansu cikin ankon shuɗiyar shadda, kwale-kwale ya kife da su. Sai bayan kwanaki masunta suka ciro gawa daga cikin ciyawar kacala. Fuska ta riga ta tafi, rigar aka duba aka ce shi ne, aka yi masa sutura.

Da matarsa Sadiya ta fita takaba, dangi suka ce kada marayu su tashi a gidan bare, aka ɗaura mata aure da Haris. Da kunya suka fara zama, daga baya so ya shiga, ga shi yanzu tana da tsohon ciki. Haris yana son ta fiye da yadda bakinsa ke iya faɗa. Amma har yau in ya sa ƙafa a ɗakinta sai ya ji kamar rigar aro ce a jikinsa, kuma mai ita bai yi nisa ba.

Ya zauna ya ɗauki ta farko, fara sol, sai ƙyalli take yi. Muryarta siririya ce, tas, kowace tsirkiya tana fita da kanta. Sai dai tsirkiyoyin sun yi tudu, kafin ya gama zagaye ɗaya yatsunsa sun fara zugi. Ya ce wa Safiyanu wannan kyan ɗan maciji gare ta, a bar wa masu ɗaukar hoto.

Ta biyu baƙa ce, mai faɗin ciki. Da ya kaɗa ta sai da ya ji amon a haƙarƙarinsa. Ta fi ta farko laushi a hannu, amma wuyanta kauri kamar taɓarya, kuma in an sa mata sauri sai sautin ya cakuɗe. Duk da haka ya ce ita ce ta aiki. Nan Isa da Safiyanu suka ja gefe, ciniki ya kaure.

A lokacin ne idon Haris ya kai kan akwati na uku, jingine a bayan ƙofa. Fatarsa ta kumbura ta bushe, ga wasu dogayen karce a murfin kamar na farce. Ba wanda ya ce ya buɗe. Ya buɗe.

Warin laka ne ya fara bugunsa, irin na fadama bayan ruwa ya janye. Jitar kuwa ba abin da ya same ta. Sai da ya ɗora ta a cinya ya lura tsirkiyoyin a juye suke, mai kauri a ƙasa, siririya a sama. Jitar bahago ce. Ya juya ta zuwa hagu.

A duk Haɗeja bahago ɗaya ya sani da jita irin wannan. Gonar shinkafarsa ta gado Abdulwahid ya sayar ya saye ta, har Iya mahaifiyarsu ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Kuma yana da wata ɗabi'a da makaɗa ke yi masa dariya a kai: yakan sassauta tsirkiya ɗaya, wai don ta yi masa kukan garayar babansu.

Haris ya ja babban yatsa a kan tsirkiyoyin a hankali.

Garayar ta yi kuka.

Haris ya janye hannunsa. Ya tuna hirarrakin Iya na mutanen ruwa, waɗanda in sun ɗauki mutum sukan aiko wa danginsa da wani abu nasa. Ya yi a'uziyya, ya sake kaɗawa, don hannun ya ƙi bari. Bai taɓa riƙe jita mai biyayya haka ba, kafin yatsa ya sauka ta amsa. Tsirkiyoyin sababbi ne fil, ɗaurinsu bai goce ko kaɗan ba. A wuyanta, inda babban yatsan wansa ya cinye fenti, itacen yana sheƙi da maiƙon hannu. Tsoro ya kama shi sosai, tare da kewar da ya daɗe yana dannewa.

Bai san cinikin ya tsaya ba sai da ya ɗaga kai ya ga suna kallonsa.

“Malam Isa,” in ji shi, “wa ya tsinto wannan? Ko nawa ce zan biya. Ta mamaci ce.”

Isa ya yi dariya, ya miƙo hannu ya karɓe ta.

“Wane mamaci, ɗan'uwa? Wannan ba ta sayarwa ba ce. Ta mai ɗaura min tsirkiya ce, wani bawan Allah da masunta suka tsinta can wajen Gashuwa rungume da akwatin nan, ko sunansa bai sani ba. Ni na ce ya rako ni yau. Muna shigowa gari ya tsaya a kan gada ya daɗe yana kallon ruwa, sai ya ce in riƙe masa ita, wai ya tuna hanyar gidan matarsa.”