Keren da Ya Daina Jan Hagu

Tun kafin keren ya iso, tsohon ya gane kukansa a iska, domin shi ya sassaƙa shi.

Duk ƙasar Dungas babu mafaraucin da bai san aikinsa ba. Ba ya sassaƙa wa mutum sandar jifa sai ya tsaya ya ga yadda yake wurgi. Ƙaninsa kuwa hannunsa hagu yake ja, kullum zomo na tsere masa, ana yi masa dariya. Tsohon ya samo reshen aduwa ya yi ta kankara, ya rage nan, ya bar nauyi can, har keren ya koyi gyara kuskuren mai shi.

Sai fari ya zo, shekarar da soja suka karɓi mulki. Zomaye suka ƙare, mafarauta suka ɗauke ƙafa, rumbun tsohon ko ɓera ya daina leƙa shi. Gonar ƙanin kaɗai ta yi ɗan wake a bakin fadama. Da rana tsaka tsohon ya tsuguna a gefenta, yana tsinkar ɗanye yana turawa baki.

Keren ya same shi a gwiwa. Ƙashi ya ce ƙas!

Ƙanin ya tako a hankali, ya tsallake shi, ya ɗauki keren. Ya jujjuya shi ko ya tsage, ya goge shi da bakin riga.

"Yaya," in ji shi, "tun daga can na gane kai ne. Ka ga aikinka? Ko kaɗan bai ja hagu ba."