Ƙarar Guduma

Likita tana kunna wa majinyacinta kiɗan sarewa a 'yar rediyonta, sai guduma ta amsa daga bayan taga. Masu gyaran katangar asibiti ne suka dawo aiki.

Likitar ƙwaƙwalwar ta ja tsaki ciki-ciki. Tun safe take kan ƙafa, ga tsohon maginin nan ya gagare ta. Tun da aka zaƙulo shi daga ƙarƙashin benen da ya rufta, barci ya ƙaurace masa. Kullum sai ta sa masa kiɗa mai sanyi, ta ce, "Baba, rufe ido, ka hango wani wuri shiru, babu kowa." Kullum sai ya ƙura wa silin ido, gumi na tsattsafo masa, ya ce, "'Yata, ki daina wahalar da kanki."

Yau kam ta saduda. Ta miƙe za ta rufe taga. "Yi haƙuri, Baba, bari in sa su dakata."

"A'a, ƙyale su."

Ta waiwaya. Idanunsa a rufe, kafaɗunsa sun sauka, yatsansa na bin bugun gudumar a kan gwiwa.

Ta rage sautin sarewar. "Me kake gani?"

"Wata 'yar kafa, haske na shigowa." Ya ja dogon numfashi. "A can ƙarƙashin benen, 'yata, in aka yi shiru, sun daina tono ke nan. In na ji guduma, ana zuwa."

Ta kashe rediyon, ta buɗe ɗaya tagar.