Ramin Ruwan da Ya Goce

Tunda ka ce ɗanka ya ƙi zama yadda kake so, bari in ba ka wani misali, ka tafi da shi gida ka juya shi a ranka.

An yi wani dattijon bakanike mai gareji a bakin tasha, yana da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne hannun damansa, ga zafin nama ga barkwanci, kafin ka miƙo masa sifana ya kwance rabin inji. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ashe ajali ne, Allah ya karɓi abinsa. Da aka share makoki sai ƙanen ya bar garejin da yake aiki a wani gari, ya dawo don kada uban ya zauna a gareji shi kaɗai. Ƙanen kuwa kamar an tsaga kara shi da marigayin, tsayi ɗaya, tafiya ɗaya, har wushiryar. Hali ne dai ya bambanta. Wannan mai sanyi ne, magana ba ta dame shi ba, noti ɗaya sai ya goge shi ya duba kafin ya ɗaura. Uban in ya ɗaga ido ya ga fuskar wancan, sai ya jira saurin wancan, in bai gani ba ransa ya ɓaci. Kullum maganar ɗaya ce, da yayanka ne da tuni an gama. Ba ƙiyayya ba ce, kewa ce ta rasa inda za ta sauka, amma wanda ake saukewa a kansa ina zai sani? Ƙarshe saurayin ya haɗa kayansa, ya gaya wa mahaifiyarsa da zarar an gama aikin da ke hannu zai bi wata babbar mota zuwa Kudu. Da labari ya kai kunnen uban sai ya ce ya tafi mana, wa ya riƙe shi? Ranar kuwa dattijon ko tuwonsa bai taɓa ba.

Aikin da ke hannun wata tsohuwar a-kori-kura ce ta mai jigilar albasa, ta yi zafi har kan injin ya tsage. Aka samo wani kan na hannu a kasuwar kayan gyara, lafiyayye, in ka jera shi da tsohon ba ka bambanta su. Dattijon ya ɗauko gaskit irin na tsohon kan, wato shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin kai da gangar inji. Ramukan noti duk suka hau daidai. Har ya kai hannu ga sifana, sai sabo ya sa ya kifa kan, ya ɗora gaskit ɗin, ya bi ramukan da yatsa. Can gefe, ramin da ruwa ke bi ya sanyaya ƙarfe ya goce da kamar faɗin ɗan yatsa, gaskit ya rufe shi ruf. Da ya ɗaure a haka, mota za ta tashi lafiya, kowa ya ce an yi aiki, ƙarfen kuwa yana ƙuna daga ciki ba mai gani, har ranar da zai tsage a tsakiyar hanya. Kuma kan ba shi da aibin komai. Ƙirar wata shekara ce daban, shimfiɗarsa ma daban.

Dattijon ya daɗe a tsugune, yatsansa na kan ramin. Ya ɗaga kai ya hangi ɗansa yana wanke bawul-bawul ɗin injin a cikin fetur, a hankali, kai a sunkuye kamar mai jiran faɗa. Tausayi ya kama shi har idonsa ya cika. Ya aika aka samo gaskit na wannan kan, ya miƙa wa saurayin sifana, shi kuma ya koma benci ya naɗe hannu. Saurayin ya fara ɗaure notoci daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yana zagayawa yana komowa. Ya ɗauki lokaci ƙwarai, uban kuwa bai gaggauta shi ba. Da injin ya tashi ya ɗumama, allurar zafi ta tsaya inda ya kamata, sai dattijon ya taso ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wannan hannun naka ne, ba na kowa ba. Allah ya yi maka albarka. Gobe ka fito da wuri, ni ƙarfina ya fara ƙarewa." Motar Kudu ta tashi ba tare da shi ba.

Ka ga gaskiyar Hausawa ke nan da suka ce, kama da wane ba ta wane.