Rabin Kwando

"Duk wanda aka tambaya, ya ce rabin kwando," in ji Tanimu, sarkin ruwa, ga masunta. "In masu agaji suka ga ba ma samun kifi, za su kawo hatsin taimako."

Ado bai yi gardama ba. Damina biyu gero bai yi ba, tafkin nan na bayan Mirriya kaɗai ke riƙe da gidansa. Da ma'aikacin furoje, wato shirin agajin, baƙon Tanimu daga Damagaram, ya tambayi abin da kowa ke kamawa a yini, Ado ya haɗiye kwando ukunsa, ya ce rabi.

Ma'aikacin ya zuba amsoshinsu cikin ordinatar, wato kwamfuta, ya dawo fuska a murtuke.

"Na'ura ta ce kifinku ya kusa ƙarewa. Mutum ɗaya za a bar wa kamun kifi a tafkin."

Hatsi bai zo ba. Ado ya sayar da komarsa, ya auno gero.

Ran nan ya gangara ya ga wanda aka bar wa ruwan. Tanimu ne, jirgi maƙil da tarwaɗa, yana jan komar Ado.

"Baba, nawa aka samu yau?" in ji Ado.

Tanimu ko ɗagowa bai yi ba.

"Rabin kwando."